Yadda "Haka Ne Baba" Ta Kusa Rufe Shago a Gwarzo

Lokacin da muke yara a Gwarzo, mai hoto mutum ɗaya ne, kuma ba ɗan gari ba ne. Ranar Sallah yake zuwa daga Kano da akwatinsa mai ƙafa uku, ya lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle kamar wanda ya hango surukarsa, ya ce kowa ya daina motsi. Mu kuwa har numfashi muke dainawa. Bayan makonni hoton ya iso, kowa ya fito ido zuru-zuru kamar an kama shi a gonar rogon wani. Daga baya aka shiga zamanin bidiyon kaset, mai kyamara ya saɓa ta a kafaɗa kamar ɗan rago, yana ratsa biki ana ba shi hanya fiye da uban ango. A duk waɗannan zamunna, mallakar na'urar ita ce sana'ar. Wanda ya saya, ya iya.

Yanzu kuwa mai wainar bakin tasha tana da kyamara ƙulle a haɓar zaninta, kuma ta fi ta mutumin Kano kyau nesa ba kusa ba. Na'ura ta zama ta kowa. Abin da ya rage a sayar shi ne iyawa, kuma a nan ne muka tarar ba mu tara komai ba.

Ni na yi shekarun ƙarfina a waje. Da fari motocin fata da ƙirgi nake bi, daga baya na zama tafinta, tunda bakina ya kama Larabci a Sudan, Faransanci a Yamai da Bamako, Turanci kuma a Kumasi aka gyara mini shi. Sau da dama na yi wa masu ɗaukar fim fassara, na ga yadda suke aiki. Ban taɓa riƙe kyamara ba, sai dai kallo. Da na dawo gida na zauna, sai na tarar sana'ar ta riga ni shigowa cikin dangi.

Ɗan ƙanwata ne yake da shago kusa da tasha, yana ɗaukar bidiyon biki da suna da saukar karatu. Magidanci ne mai mata da 'ya'ya biyu, mai haƙuri, mai son aikinsa. Yana da abokin aiki ɗaya, wani dogo mutumin Madadi, wanda shi ke riƙe kyamara. Da farko sun samu, sai kasuwa ta fara ja da baya, domin duk bikin da suka je sai su tarar da wayoyi sun fi baƙi yawa. Har ya kai ga ya faɗa wa mahaifiyarsa cewa in an gama kaka zai rufe shago ya tafi Legas ya nemi abin yi. Ƙanwata ta zo gidana ta zauna, ta ce, "Yaya, kai ka yi yawo ka dawo da furfura. Shi kaɗai ne namiji a ɗakina. Ka yi masa magana." Na ce zan yi, alhali na san mutumin da ya yi shekaru bai ga daminar garinsu ba, bakinsa ba shi da nauyin hana wani tafiya.

Ana cikin haka sai wata ƙungiya a Kano mai aiki da manoma ta neme shi. Suna son gajerun bidiyo na tsofaffin manoma suna bayanin abin da suka sani, a riƙa tura wa mutane a waya, da rubutun fassara a ƙasan hoton. Hajiyar da ke kula da aikin ta ce ya yi guda ɗaya na gwaji. In ya yi kyau, shi zai yi na Gwarzo da Kabo duka. In bai yi ba, za su turo nasu yaran daga birni. Ya zo ya same ni yana murmushi, ya ce, "Kawu, in wannan ya yiwu na fasa Legas. In bai yiwu ba, kar kowa ya riƙe ni."

Tsohon da ya zaɓa taubashina ne, yana zaune a Gude. A zaɓen irin dawa ba ni da labarin wanda ya fi shi a yankin. Tun dawa tana tsaye yake shiga gona ya bi zangarniya ɗaya-ɗaya, ya yanke waɗanda suka yi masa, ya rataye su inda hayaƙin madafa zai riƙa samun su har wata damina. Aka ce in raka su, tunda ni ne mai iya buɗe masa baki.

Muka isa da hantsi. Tun daga ƙofar gida mutumin Madadi ya kunna kyamara, wai kar a rasa komai. Aka shiga gaisuwa. An kwana lafiya, ya iyali, ya gajiya, ya ƙarfin jiki, ya muka ji da aiki, ya mutanen Gwarzo, ya mai jiki, wace mai jikin, ai ta warke tun bara, to madalla. Aka gama, aka ɗan yi shiru, aka sake ɗaukowa daga farko. Taubashina ya dube ni ya ce, "Ɗan yawon duniya, ashe kana raye? Na ɗauka ka mutu da Faransanci a baki." Na ce, "Ina zan mutu in bar ka kana cin tuwo ba mai kirga maka loma?" Kafin mu gama, batir ya ci rabi.

Aka shimfiɗa masa tabarma gindin darbejiya. Ɗan ƙanwata ya fito da ɗan ƙaramin makirufo irin mai maƙalewa a wuyan riga, ya juya shi a hannu, ya dubi tsoho, ya dubi abokinsa. Abokin ya kawar da kai. Wa zai kai hannu wuyan sa'an ubansa yana laluben riga? Sai ya ajiye shi a kan tabarma a tsakiyarmu, cikin ladabi, kamar goro. Mutumin Madadi kuma ba zai yiwu ya tsaya ƙerere a kan dattijo ba, sai ya durƙusa da kyamararsa, ya ɗaga ta sama.

Tsoho ya buɗe baki, kuma wallahi ya yi magana. Ya faɗi yadda ake gane zangarniya mai lafiya, da dalilin da ba ya ɗaukar iri daga bakin gona, da yadda uban gidansa na noma ya taɓa sa shi ya zubar da dami guda saboda ƙwaya ɗaya mai baƙin tabo a jiki. Maƙwabta suka taru. Kowa ya ji daɗi, kowa kuma ya nuna ya ji. "Haka ne Baba." "Ƙwarai kuwa." "Gaskiya ne." "Ikon Allah!" "Allah ya ja kwana." Muka dawo Gwarzo muna cewa an gama, sai dai a jira kira.

Kiran ya zo. Ɗan ƙanwata ya sa wayar a fili don in ji abin arziki. Hajiya ta gaisa a taƙaice irin ta mutanen ofis, ta ce, "Malam, mutum nawa kuka yi hira da su?"

Ya ce, "Mutum ɗaya, Hajiya."

Ta ce, "To ni na ji kamar zaman majalisa. Duk jimlar da tsohon nan ya fara, sai wani ya hau kanta kafin ya dire. Mai rubuta fassara ya gaji ya ajiye. Sannan hoton, tun daga farko har ƙarshe haɓarsa nake gani da ganyen bishiya. Ni ban san kamanninsa ba har yanzu, amma in na ga hancinsa ta ƙasa zan gane shi."

Ta ce maganar tsohon zinariya ce, shi ya sa za ta ƙara ba shi dama ɗaya kafin a girbe dawa. Bayan nan kuma ba ruwanta.

Ya ajiye waya ya yi tagumi. Can ya ce, "Kawu, matsalar kayan aiki ce. Da muna da babbar kyamara, ko jirgin nan mai ɗaukar hoto daga sama, ai da ba ta faɗi haka ba."

Na ce, "Jirgin zai hana mutumin Madadi cewa ikon Allah?"

Wannan halinmu ne, kuma ba shi kaɗai ba. In aiki ya lalace, kasuwa muke tunawa. A Bamako na ga masu ɗaukar fim da kyamarar da ko kyauta aka ba ɗan ƙanwata zai raina, amma suna da mutum guda wanda ba ya kallon kowa, kunnuwansa toshe da abin sauraro, in ya ɗaga hannu kowa ya tsaya, har shugaban tafiyar. Wani na kula da haske, wani ya rubuta tambayoyi tun daga gida, wata kuma tana jiran su a ɗaki don ta yanka ta haɗa. A wurinmu mutum ɗaya ne duk waɗannan, kuma babu wanda ya koya masa ko ɗaya. In an kira horo, kwana kaɗan ne a nuna maka maɓallan kyamara, a ba ka takardar shaida da shinkafa a leda. Ilimin sautinmu kuwa bai wuce a ƙure lasifika har sai akuyoyin unguwa sun tashi ba.

Matar ɗan ƙanwata ce ta tuna masa da wata ƙawarta. Iyayen ƙawar mutanen Filato ne, mahaifinta ya daɗe yana koyarwa a makarantun Kabo, ita kuma a nan aka haife ta, Hausarta har ta fi tawa tsabta, tunda tawa ta sha ruwan ƙasashe. Ita ke kula da na'urar sauti a cocinsu tun tana budurwa, daga baya ta je Jos ta yi 'yan watanni tana koyon ɗaukar murya da tace ta. Tana koyarwa a wata makarantar kuɗi, ba wanda ya taɓa tambayarta abin da ta koyo.

Ta zo shago bayan an tashi makaranta, ta gaishe ni har ƙasa, ta zauna gaban kwamfuta. Ta buɗe sautin ya fito a allo, zane-zane kamar kunyoyin gona. Ta nuna da biro. "Wannan doguwar kunyar muryar Baban Gude ce. Wannan tudun da ya hau kanta, kai ne, maigida. Wannan dogon, na Madadi ne." Ta matsa gaba kaɗan, ta ƙunshe dariya. "Wannan mai kauri kuma da ke dawowa kamar ladan, Baba, ban san ko wane ne ba."

Na ce, "'Yar Malam, ci gaba da aikinki."

Ɗan ƙanwata ya tambaye ta ko za ta iya goge mu ta bar tsohon. Ta ce, "Gero da dawa in suna tsaba ana iya tsince su. In an niƙa su tare, sai dai a yi tuwo. Makirufo ɗaya kuka ajiye a tsakiya, ya niƙa ku gaba ɗaya. Sai an koma."

Kafin a koma ta ce sai sun koyi yin shiru. Ta zaunar da su a benci, ta ce in ba su kowane labari, su kuma su saurara ba uhm ba uhm-uhm, sai dai gyaɗa kai. Na ɗauko labarin wata mota da ta lalace mana a hanyar Agadas. Ɗan ƙanwata ya daure, yana gyaɗa kai kamar ƙadangare. Mutumin Madadi ya cije leɓe, ya runtse ido, gumi ya karyo masa. Ina cewa ruwanmu ya ƙare, sai ya fashe: "Subhanallahi!" Aka sake. A karo na gaba ya cire hularsa ya ciji bakinta. Ban ga laifinsa ba. Tun yana rarrafe aka koya masa cewa in babba na magana ka yi gum, to ko kurma ne kai ko marar kunya. Yau kuma an ce ladabin nan shi ke hana shi cin abinci.

Ta gyara sauran abubuwa cikin sauƙi. Kyamara a kan ƙafafunta na ƙarfe, daidai idon tsoho, mai riƙe ta kuwa in ya ga dama ya durƙusa a gefe, tunda ƙarfe ba ya gaida kowa. A gama gaisuwa tukuna kafin a kunna. Addu'a kuma a roƙi tsoho ya yi ta a farko da ƙarshe, kowa ya ce amin da ƙarfinsa, domin ta ce ita ma ba za ta hana mutum amsa addu'a ba.

Muka koma Gude, wannan karon mu huɗu. Aka yi gaisuwa ta ƙoshi. Aka roƙi maƙwabta su ja baya, suka ja suna gunaguni. Aka kawo wa tsoho kujera. Da aka zo kan makirufo, 'yar Malam ta leƙa cikin gida ta roƙi matarsa. Tsohuwa ta fito tana gyara mayafi, ta kama wuyan rigarsa ta maƙala masa, ta ƙara da jan hularsa daidai. Ya ce, "A hankali mana, ba akuya kike ɗaurewa ba." Ta ce, "Akuya ai tana tsayawa." Ta koma bayan zana.

Aka kunna. Ya fara: "Ita dawa, tun tana tsaye ake sanin uwa." Ya dakata, yana jiran a karɓa. Ba wanda ya ce komai. Mutum huɗu suna gyaɗa masa kai. Ya ci gaba kaɗan, murya ta fara sanyi. Ya sake dakatawa. Ya dubi ɗan ƙanwata, ya dubi na Madadi wanda ke durƙushe da hula a baki.

Ya ce, "Wani ya rasu ne kuke ɓoye mini?"

Ɗan ƙanwata ya girgiza kai, har yanzu bai yi magana ba.

"To me na yi muku? Wancan zuwan kun zo da bakinku. Yau kun kori maƙwabtana, kun ɗora ni a kujera kamar mai laifi gaban alƙali, ina magana ni kaɗai. Mahaukacin kasuwa ne ke yin haka." Ya juyo kaina. "Kai, Bature, kai ka koya musu wannan rashin kunyar?" Ya fara laluben makirufon zai cire, yana neman takalminsa da ƙafa.

Na ga fuskar ɗan ƙanwata ta canza. Dawa ta nuna, girbi ya matso, Hajiya kuma ta ce ba dama ta uku. In tsohon nan ya shige gida, motar Legas ce ta tsaya a ƙofar shago. Ya durƙusa ya fara ba da haƙuri, yana bayanin na'ura da niƙa da tuwo, tsoho ko kallonsa bai yi ba.

Sai murya ta fito daga bayan zana. "Ku ƙyale shi, shagwaɓa ce. Ni tun aurenmu yake magana ban amsa ba, kuma bai taɓa tsayawa ba."

Maƙwabtan da aka kora nesa suka kwashe da dariya, ashe duk suna ji. Tsoho ya so ya ɗaure fuska, abin ya ƙi. Ya ce, "Ke ai bango ce, an saba." Ya fasa neman takalmi, amma ya kafe: shi ba zai yi wa kurame bayani ba.

Ɗan ƙanwata ya ja 'yar Malam gefe. Na ji yana tambayarta, "In amsar ba ta hau kan maganarsa ba fa? In ta faɗo a tsakani, bayan ya dire?" Ta yi ɗan tunani, ta ce in mutum ɗaya ne, yana nesa da makirufo, kuma ya bar ɗan fili kafin ya amsa, za ta iya yanke shi tsaf kamar ba a yi ba. Abin ya tuna mini masu ba da tarihi da na gani a Mali, waɗanda ke tafe da mutum guda, aikinsa kawai ya ce na'am a ƙarshen kowace magana. Na faɗa musu haka, don dai a san an yi yawo. Sai na ga duk sun zuba mini ido.

Haka aka kai ni bayan kyamara, aka zaunar da ni a kan turmi da aka kifa, daidai inda idon taubashina zai sauka. 'Yar Malam ta tsaya kusa da ni da abin sauraro a kunne. Ta ce, "Baba, sai na ɗaga yatsa. In ban ɗaga ba, ko me ya faɗa, ka haɗiye."

Taubashina ya ji daɗin wannan tsari fiye da kowa. Ya ce, "Yawwa. Harshe huɗu, yau an bar masa kalma biyu, su ma sai yarinya ta ba shi izini."

Aka kunna. Ya ce, "Ita dawa, tun tana tsaye ake sanin uwa." Shiru kaɗan. Yatsa ya tashi. Na ce, "Haka ne." Fuskarsa ta saki, ya gyara zama, magana ta ɓalle. Ya yi ta fiye da ta farko, domin yanzu ba mai katse shi. Da ya gane cewa ba ni da ikon ramawa, sai ya fara cusa abin da ba ya cikin dawa. Ya ce, "Akwai zangarniya mai tsawo marar ƙwaya, ta yi ta leƙen gonar wasu, irin wasu mutane da suka bar gonar ubansu." Yatsa ya tashi. Na dube ta, ta ƙi sauke shi. Na ce, "Haka ne." Wannan wurin ta yanke shi daga na Hajiya, amma ta ajiye wa kanta, kuma na ji labarin ya zaga dangi.

Daga nan aka bi shi gona, aka ɗauki hannunsa yana zaɓe, aka ɗauki zangarniyoyin da ke rataye a madafa. Kwanaki suka yi a shago suna yanka da haɗawa, tana nuna wa ɗan ƙanwata, shi kuma yana maimaitawa da hannunsa har ya kama. Da Hajiya ta kira, ba ta yi dogon yabo ba. Ta ce ta ga fuskar tsohon, ta ji kowace kalma, ta tambaya yaushe za su fara na manoman Madadi.

Ɗan ƙanwata bai tafi Legas ba. Shagon yana nan kusa da tasha, mutum uku ne a ciki yanzu, domin 'yar Malam ta zama abokiyar aiki da rabonta, ba mai taimako ba. Ba sa fita ɗaukar komai, ko bikin suna ne, sai da mai kula da sauti. Samari da 'yan mata suna zuwa koyon aiki daga Gwarzo da Kabo, kuma ba a ba kowa kyamara ya taɓa sai ya iya zama ya saurari babba har ya dire maganarsa.